Wa Ake Yi wa Dariya? Barkwancin Zauren Kamfani da Gadon Ƴan Kama a Maraɗi

A ƴan shekarun nan wata sana'a ta fara tsiro a manyan garuruwan ƙasar Hausa, wadda har yanzu harshe bai gama raɗa mata suna ba. Mutum ɗaya ne kan tsaya gaban jama'a, babu kalangu, babu ƴan amshi, babu shigar wasan kwaikwayo, sai makirfo a hannu, ya yi ta zuba zance har mutane su dara. Wasu na ce da shi mai barkwanci, wasu mai raha, tsofaffi kuwa idan sun gan shi sai su ce ai ɗan kama ne ya sa kwat. Inda ya fi samun abinci shi ne zauren taro: ranar da banki ya buɗe sabon reshe, ko kamfanin waya ya ƙaddamar da wata garaɓasa, ko ƙungiyar agaji ta rufe taron ƙara wa juna sani, ko ma'aikata suka haɗu walimar ƙarshen shekara. Akan ba shi minti goma ko sha biyar tsakanin jawabin darakta da shigowar abinci. Matasa da dama sun hango wannan ƙofa, kuma galibinsu sun fito ne daga hannun malaman makaranta da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, saboda haka tambayar abin da zauren kamfani yake yi wa barkwancin Hausa ta shafi waɗannan malamai kai tsaye.

Maraɗi gari ne da ya dace a dubi lamarin daga cikinsa, domin sarauta da dukiya sun daɗe suna riƙon masu hikima a wurin. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 su suka kafa mulki a nan, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kowace fada da makaɗanta da maroƙanta. Daga baya gyaɗa da fataucin kan iyaka suka haifar da Alhazan nan da Emmanuel Grégoire ya yi wa littafi guda a 1986, waɗanda suka bi sawun sarakuna wajen ɗaukar nauyin mawaƙa. Bayan ambaliyar 1945 garin ya bar kwarin Gulbi ya hau tudu, ya yi ta faɗaɗa har aka samu sababbin unguwanni irin su Zariya, inda yaron da ya tashi a yau ya fi sanin ƙofar ofis fiye da ƙofar fada. Shi wannan yaro, idan Allah ya ba shi baki, ubangidan da yake hange shi ne kamfani ko ƙungiya. Ke nan ubangida na uku ya zo, bayan sarki da Alhaji. Neman abinci da ban dariya a gaban mai hali ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin da ya sake shi ne sharuɗɗan zaman.

Kafin a gane abin da ya sake, sai an waiwayi ɗan kama. Sana'arsa, wadda C. G. B. Gidley ya nazarta a 1967, ta ginu ne a kan juya abu mai nauyi ya koma na ciki. Yakan ɗauki waƙar babban makaɗi, wadda aka yi wa sarki ko jarumi, ya bar karin yadda yake, amma ya cire sunan sarki ya sa tuwo, ya cire dawakin yaƙi ya sa ƙwaryar fura. Yakan kwaikwayi zaman malami da muryarsa da yadda yake jan baƙi yana fassara, alhali duk karatun a kan nama da miya yake. Wanda ya saurara da kyau zai ga cewa abin dariyar ba tuwon ba ne. Girman kai ne ake sassauta wa ɗamara, ana tuna wa mai rawani da mai allo cewa su ma ciki gare su. Haka ƴan gambara suke a kasuwa da nasu salon mai kaifi da batsa, haka wawan sarki yake a fada, yana faɗin abin da waziri ba zai iya faɗi ba. Yara ma suna da rabonsu a tashe cikin watan azumi, inda ake kwaikwayon malami da tsoho da gwauro, Damagaram kuma tana da wasan kara, inda matasa kan yi shigar shugabanni da manyan ma'aikata su kwaikwaye su a bainar jama'a.

Duk waɗannan suna da abu guda da ya haɗa su, wato hurumi. Ɗan kama ba ya neman izinin malami kafin ya kwaikwaye shi, kuma malamin da ya yi fushi shi ne ya ji kunya, domin al'ada ta riga ta ce wannan bakin ba a kama shi da laifi. Hurumin daga jama'a ya fito, saboda haka wanda ake yi wa ba'a ba shi da ikon janye shi. Hanyar biyan ma tana tsare wannan ƴanci. Ana ba ɗan kama kyauta ne bayan ya yi wasa, a gaban kowa, daga hannuwa da yawa, wannan dala, wancan goro, wani tsohuwar riga. Hasali ma wani kason kyautar na tsoro ne: attajiri kan miƙa hannu aljihu don kada a juyo kansa da zambo. Mai ban dariya a wancan tsari yana da abin da ake shakka.

Zauren kamfani ya kifar da wannan tsari. Kuɗin daga hannu ɗaya suke fitowa, an yanke su tun kafin a hau dandamali, kuma sukan zo da jerin abin da ba a so a taɓa: kada a ambaci abokin gasa, kada a taɓa siyasa, kada a yi maganar albashi, kada a matsa wa manyan baƙi. Babu laifi ga kamfani ya kare sunansa, haƙƙinsa ne. Sai dai masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda da ake ba kyauta don a tsira daga bakinsa, yanzu shi ke tsoron kada a ƙi kiransa baɗi.

Ba daidai ba ne a ce wannan ciniki bai kawo alheri ba. A Legas aka fi ganin amfaninsa. Atunyota Akpobome, wanda aka fi sani da Ali Baba, ya isa birnin a 1990, lokacin da ake ɗaukar mai ban dariya tamkar ɗan rakiyar biki, a sallame shi da abinci da kuɗin mota. Shi ne ya nace cewa a yi ciniki da shi kamar yadda ake yi da kowane ƙwararre, ya nufi bankuna da manyan kamfanoni, ya sa tufafi irin nasu, har ya kafa allunan talla a manyan titunan birnin yana shelar cewa ban dariya sana'a ce. Shirin Night of a Thousand Laughs da Opa Williams ya fara a 1995 ya buɗe wa na baya fili. Ali Baba ya kai matsayin da yake tsokanar Shugaba Obasanjo a gaban idonsa, shugaban na dariya. Abin lura shi ne wannan hurumi nasa na ƙashin kansa ne, ya gina shi da suna da farashi, har ya zama mai gayya ne ke bukatarsa. Matashin Zariya da aka yi wa alkawarin jaka goma da kwalin abinci bai kai nan ba, kuma kwaikwayon kwat ɗin Ali Baba ba zai kai shi ba.

Ga yadda zauren yake. Manya na gaba a kan kujeru masu laushi, ƙananan ma'aikata na baya, direbobi da masu gadi na bakin ƙofa ko waje. Idan aka saki magana, rabin zauren kan saci kallon darakta tukuna, in ya murmusa a fashe da dariya, in ya ɗaure fuska a yi tsit. Mai barkwancin da ya karanci wannan yanayi, kuma ba shi da abin dogaro, hanyoyi kaɗan suka rage masa. Mafi sauƙi ita ce ya koma maroƙi: ya yi ta kirari ga shugaban kamfani da kayan kamfani, yana ɗan sa gishirin raha. Wannan roƙo ne, kuma maroƙan gado sun fi shi iyawa, domin su sun san asali da nasaba.

Hanya ta biyu ta fi muni, kuma ita aka fi bi. Tun da ba a iya harbi sama, sai a harba ƙasa, a nemo wanda ba ya cikin zauren a ɗora masa dariyar. Kusan kullum baƙauye ne. Shi ne wanda ya shiga banki ya cire takalmi, shi ne ya yi wa na'urar fitar da kuɗi sallama, shi ne ya riƙe waya a juye. A gari irin Maraɗi wannan baƙauyen yana da adireshi: manomin Jiratawa ne da ke kawo zogale da kayan lambu daga gandun noman rani, ko mutumin ƙauyukan Tsibiri da ya shigo cin kasuwa. Shi ne kuma mai sayen katin wayar kamfanin, shi ne sunansa ke cikin takardar da ƙungiyar agaji ta nemo kuɗi da ita. A tara ma'aikatan da ke cin abinci da sunansa, a sa su yi masa dariya a bayan idonsa, wannan ya saɓa wa dukan abin da ɗan kama ya tsaya a kai. Sau da yawa ma mai gadin da ke bakin ƙofa ɗan can ne, yana ji.

Masu wannan salo kan kafa hujja da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda finafinansa suka cika gidajen Maraɗi kamar yadda suka cika na Kano. Amma sun ɗauki murya da tafiya da karkatacciyar hula, sun bar ainihin abin. Baƙauyen Ibro wayayye ne a cikin rigar wauta. Yakan shigo birni a raina shi, ya fita ya bar ɗan birni da Alhaji da ɗan boko riƙe da baki. Talaka na kallonsa ne yana jin an rama masa. Bakin nasa kuma bai zauna lafiya da masu iko ba: a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure shi a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tun rasuwarsa a Disamban 2014 ake ta samun masu kwaikwayonsa, kaɗan ne suka gane cewa wautar tarko ce.

Hanya ta uku ita ce wasan ƙabila, kuma a nan ne aka fi yin asarar dukiya mai daraja. Nijar na alfahari da wasan taubasantaka, har UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, maƙeri da Buzu, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji, kowa ya san abokin wasansa. Sharaɗin wasan shi ne ramuwa: ka faɗa, a mayar maka, a rabu ana dariya. Mai makirfo kuwa shi kaɗai ke magana, saboda haka idan ya kwashe minti biyar yana sassaƙar wata ƙabila, wanda ake sassaƙa na zaune ba shi da bakin ramawa, wasan ya tashi daga taubasantaka ya koma cin fuska. Wani lokaci ma mai maganar ba shi da alaƙar wasa da waɗanda yake taɓawa ko kaɗan, ya dai ji ana yi ne.

Abin takaici shi ne a cikin wannan al'ada ce kaɗai tsohon hurumi ya rage da ransa, har a zauren kamfani. A ɗauka cewa mai barkwancin Bagobiri ne daga Tsibiri, daraktan da aka turo daga Yamai kuma Bazabarme. Al'ada ta ba wannan yaro damar ya dubi mutumin da kowa ke rawar jiki a gabansa ya kira shi bawansa, ya tambaye shi dalilin da ya sa takarda ke kwana arba'in a teburinsa, darakta kuma ba shi da abin yi sai dariya, in ya isa ya rama. Babu yarjejeniyar da ta ba shi wannan dama, babu kuma wadda za ta ƙwace ta. Ƙananan ma'aikata da ke baya za su ji an faɗi abin da ke ransu ba tare da an kori kowa ba. Maimakon haka sai a ɓatar da damar a kan tsofaffin zantukan ci da rowa da kowa ya haddace tun yana yaro.

Kayan aikin da ya fi dacewa da zauren yana cikin zauren. Rayuwar ofis cike take da abin dariya da ba a taɓa ba: taron da ake kira don a sa ranar wani taron, mahalarcin da ke barci har sai an zo rabon kuɗin zama, rezo da ke ɗaukewa daidai lokacin da mai bin bashi ya kira, sunayen ayyuka na haruffan Faransanci da ko masu aikin ba su san fassararsu ba, direban da ya fi kowa sanin sirrin gidan. Ɗan kama na gaske da zai ɗauki jawabin rufe taro, da muryarsa da tsayawarsa da gyaran tabarau, ya mayar da shi bayanin yadda aka raba cinyar kaza, ya yi daidai abin da kakanninsa suka yi wa waƙar fada. Ba ya bukatar kama suna. Hausa na da habaici da gugar zana da shaguɓe, waɗanda aka ƙera musamman domin faɗin gaskiya a gaban wanda ya fi ƙarfinka. Mamane, ɗan Nijar ɗin da ya yi suna a rediyon RFI tun 2009, a kan wannan dabara ya gina aikinsa: ya ƙirƙiri wata ƙasa mai suna Gondwana da shugabanta, ya faɗi abin da ya ga dama game da mulki a Afirka ba tare da ya ambaci kowa ba. Da Faransanci yake yi, kuma an dakatar da tashar a Nijar a Agustan 2023, amma dabarar tsohuwa ce a gidan Bahaushe, tun Gizo da Ƙoƙi.

Batun harshe ma yana neman a tsaya a kansa. Taron kamfani a Nijar ya saba tafiya da Faransanci, Hausa kuma ta shigo lokacin raha, kamar dai ita ce harshen wasa, waccan ta aiki. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko wannan zai sauya zaman zauren, lokaci ne zai nuna. Amma tsakanin harsunan biyu akwai taska: tafintan da ke mayar da doguwar magana gajera, ma'aikacin da ke yi wa mahaifiyarsa Faransanci, ɗan kasuwar da ya fi kowa kuɗi a ɗakin amma ba ya jin abin da ake faɗa. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na zamanin Samariya sun san daɗin wannan fage. Su ma ubangida gare su, wato gwamnatin Seyni Kountché, wadda ke son a faɗakar da jama'a kan abin da ta zaɓa. Duk da haka irin su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, sun iya cusa ma'aikaci mai cin hanci da ɗan boko mai hura hanci cikin wasanninsu, jama'a na gane kowa. Littafin Janet Beik na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar ya adana yadda suke gina wasa tare, ba da rubutaccen zance ba. Wanda ya isar da saƙon mai gayya kuma ya bar wa jama'a nasu kason, ya yi aiki biyu, su kuwa sun yi.

Saura maganar ɗorewa. Maraɗi ba Legas ba ce. Mutanen da ke zaune a walimar banki su ne a taron ƙungiya, su ne a ɗaurin auren ɗan Alhaji. Labarin da aka bayar ranar Asabar ya tsufa kafin Laraba, balle yanzu da kowa ke ɗauka da waya ya watsa a WhatsApp. Ɗan kama na da yakan bi kasuwanni da kaya ɗaya shekara guda, kowace kasuwa sabbin kunnuwa. Na yau dole ya zauna ya tsara sabon zance, ya gwada, ya yanke, ya sake. Wanda ya dogara da kwaikwayon murya guda ya fi kowa shiga haɗari. MC Tagwaye ya yi tashe a Nijeriya da muryar Muhammadu Buhari, kuma gwani ne, amma irin wannan kaya darajarsa na tafiya ne da kujerar mai muryar, Buhari kuwa ya sauka a 2023.

Wurin gwaji shi ne babban abin da babu. Ba a koyon wannan sana'a a zauren kamfani, domin can ba a yafe faɗuwa, kuma dariyar da ake yi ta ladabi ce, ba ta nuna wa mutum inda ya yi rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ne ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa da kulob-kulob na makarantu suke da aikin da ba wanda zai yi musu: dare ɗaya a wata, fili a buɗe, kowa minti biyar, a gaban jama'ar da ba ta jiran murmushin kowa kafin ta yi dariya. Malamin da ke horar da yaro zai iya sa masa gwaji mai sauƙi, ya ce duk labarin baƙauye da ya shirya wa zaure ya fara kai shi Jiratawa ranar kasuwa ya faɗa a gaban masu shi. Akwai kuma tsofaffin ƴan kama da ƴan gambara da suka rage a karkara, waɗanda ba a cika gayyata ko'ina ba, alhali a bakinsu ne ake jin yadda ake jan numfashi kafin a saki kalmar ƙarshe.

Kasuwar zauren ita kanta ba ta da tabbas. Rufe iyakar Nijeriya a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun taɓa aljihun ƴan kasuwar Maraɗi, kuma kuɗin walima ne farkon abin da ake yankewa idan ciniki ya ja baya. Wasu ƙungiyoyin waje sun rufe: an janye wa ACTED izinin aiki a Nuwamban 2024, aka umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bar ƙasar a Fabrairun 2025. Matashin da duk kayansa na zaure ne, wanda bai taɓa sa masu sayar da zogale dariya ba, idan gayyata ta yanke sai ya koma gida ya jira waya ta yi ƙara.